Littattafan bayan sallah: wanne kuke jira, kuma da gaske namu ne na matasa?

Yar_Gwale
Assalamu alaikum mutanen zaure, ya ibada, ya ƙishirwa? Ni dai yau haƙurina ya ƙare. Kun san halin marubutanmu, da an ga watan azumi sai su ajiye alƙalami, ba abin da suke sako mana sai talla: bayan sallah da kwana uku insha Allah. To bana tallan ya tsaya min a rai, har ƙirga kwanaki nake. Guda uku nake jira. Ba zan kama suna ba tunda an hana tallan littafin kuɗi a nan, amma ga ɗanɗano.

Na farko labarin wata 'yar aji biyar ce a makarantar kwana ta 'yan mata. Shafin ɗanɗanon da aka saki, ranar komawa makaranta ne, ana binciken kaya a bakin ƙofa. Metiron ta zazzage akwatinta a ƙasa, garin kwaki ya watse, ƙullin yajin da kakarta ta daka mata ya fashe, kowa na atishawa, ita kuma hankalinta na kan wata wasiƙa da ta ɗinke a cikin filo. Wallahi ina karantawa sai da na ji warin gabza a hancina. Na biyu yaro ne ɗan shekara 17 mai koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, aka kawo wa ubangidansa wata waya, ya buɗe ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Na uku na zamanin da ne, kafin zuwan Bagauda, 'yar maƙera a gindin Dala lokacin su Barbushe.

Abin da nake cewa shi ne, bana ne karon farko da na ga an rubuta littafi don mu, ba don antocinmu ba. Ku wanne kuke jira?

Sadauki_Kurna
Na ukun nan! Ni ma na ga tallansa. Indai akwai takobi da tsafi da hawan Dala cikin dare to an gama da ni. Fatana ɗaya kada a shafi na goma a ce wani yarima ya gan ta a bakin rijiya zuciyarsa ta buga. Daga nan an shiga soyayya, an manta da Tsumburbura.

Maman_Ilham
Wa alaikumus salam. Yar_Gwale 'yata, Allah ya sa ki ga alheri, amma ni an sha ni na warke. Sau nawa ana fara mana labari a makarantar kwana? Shafi biyar na farko inifom da firef da siniyoyi masu mugunta. Kafin ki ankara an yi hutu, wani ɗan mai kuɗi da ya dawo daga Ingila ya kusa kaɗe ta da mota, ya mare ta, ta rama, shafi na ashirin an ɗaura aure. Sauran shafi tamanin ɗin duk kishiya ce da uwar miji da turaren wuta. Makarantar ƙugiya ce kawai, da ita ake kamo ku.

Yar_Gwale
Mama wannan daban ne fa. Marubuciyar da kanta ta ce babu aure a ciki daga farko har ƙarshe, a ranar rubuta jarrabawar ƙarshe labarin zai tsaya.

Maman_Ilham
Ta ce. To mu gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu.

Malam_Na_Tudun_Wada
Barkanmu da shan ruwa. Ɗiyata Yar_Gwale, zumuɗinki ya yi min daɗi, amma kalmar "karon farko" ɗin nan sai na ɗan gyara miki ita. Ƙagaggen labarin Hausa na boko ai da yara 'yan makaranta aka fara shi. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta Hukumar Talifi, dalilinta shi ne an koya wa yara karatu amma ba su da abin karantawa. Wasu daga cikin waɗanda suka shiga gasar su ma samari ne. Abubakar Imam an haife shi a 1911, ke nan shekararsa 22 ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ma kai shi ba lokacin da ya rubuta Shaihu Umar, kuma kaso mai yawa na labarin yarintar Umar ne. Magana Jari Ce kuwa, wa aku yake ta yi wa labari don kada ya fita? Musa ɗan sarki, matashi mai rawar kai kamarku.

Shi kuma Sadauki mai son abin mamaki, ya nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969. Yaro aka ɗauka aka yi sararin samaniya da shi, tun kafin a haifi iyayen wasunku. Abin da ya faru shi ne, daga wajen tsakiyar shekarun 1980 da marubuta suka koma buga littafi da kuɗin aljihunsu a Kano, kasuwa ta karkata wajen soyayya da zaman aure, wancan reshen ya bushe. In yanzu yana tohowa, madalla. Amma tohowa ce, ba shuka ba.

Yar_Gwale
Na karɓi gyara Malam, Allah ya ƙara girma. Sai dai Malam, waɗancan ai don jarrabawa aka sa mu karanta su. Da bulala a gefe. Ni ina nufin wanda zan ɓoye a ƙarƙashin bargo in karanta da kaina.

Anti_Bebi
Hahaha ƙarƙashin bargo! Ƙanwata kin tuna min da zamaninmu. Mu ba waya, haya muke ɗaukowa. Akwai wani mai shago a bakin layinmu, ya jera su a igiya da maƙalen shanya, kwana ɗaya naira biyar, in ka yaga bango ka biya kuɗin littafi. Shi ma daga Sabon Gari yake saro su, wajen Bata. Littafi ɗaya sai a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, siriri kamar littafin rubutu, na ɗayan ya ƙare daidai inda aka ɗaga wuƙa. Ka je neman na biyu a ce bai fito ba, sai wata mai zuwa. Kullum in an aike ni cefane sai na biya ta shagon, har mutumin ya gaji, yana hango ni zai ɗaga hannu ya ce "bai zo ba". Saboda haka wannan ciwon jiran da kuke yi ba sabo ba ne, mun yi shi da ƙafa, ku kuna yi da data.

A makaranta kuma cikin littafin Bayoloji nake cusa shi lokacin firef. Ranar da aka kama ni guda huɗu aka ƙwace, duk na haya, sai da na yi sati uku ban ci kuɗin tara ba kafin na biya mai shago.

Abban_Sultan
Anti_Bebi ai ku kuka jawo aka ƙona su a 2007, lokacin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Kano, A Daidaita Sahu. Na tuna yadda aka yi ta muhawara a rediyo a Kano.

Anti_Bebi
Mu muka jawo ko aka jawo mana? Abban Sultan, da yawan matan layinmu da littattafan nan suka iya karatun Hausa, ba da allon aji ba. Akwai na banza a ciki, ban musa ba. Amma an ƙona na takarda, yanzu ga shi ya dawo ta waya, inda ba mai iya cinna masa ashana. Kuma na wayar wani sa'in ya fi na da muni nesa ba kusa ba.

Admin_Zaure
Jama'a a dawo kan layi don Allah. Tambayar ita ce sababbin da za su fito. Kuma ina tunatarwa, ba a turo lambar asusu ko dokumen ɗin littafin kuɗi a nan. Wanda ya turo zan cire shi ba sallama.

Alkalami_Shiru
Bari in sa baki a matsayina na mai ɗan taɓa rubutu. Maman_Ilham gaskiya ta faɗa, amma ba ta faɗi dalili ba. Ba wai ba mu iya rubuta labarin yara ba ne. Ku tambayi kanku, wa yake biya? Littafin kuɗi sai an tura ɗari biyar ko dubu ta banki, a turo shaidar biya, sannan a sa mutum a zaure. Yarinya 'yar shekara 15 ba ta da asusu, sau da yawa wayar ma ta mamanta ce ko ta yayarta, sai dare ake ba ta aro. Masu turo kuɗi matan aure ne da 'yan jami'a da ma'aikata. Su kuma in kika yi shafi goma ba a ga namiji ba za su fara: "Anti ina jarumin namu?" "Anti labarin ya yi sanyi." Sharhin nan kullum yana shigowa, kina rubutawa kina karantawa, ba ki san lokacin da za ki karkatar da alƙalami ba.

Na taɓa gwadawa. Na fara labarin wasu ƙawaye uku da suka faɗi JAMB, kowacce da yadda gidansu suka ɗauki abin. Ɗaya aka sa ta ɗinki, ɗaya ta ɓoye sakamakon ta ce an riƙe, ɗaya babanta ya ce miji ya fi. Ni a raina shi ne mafi kyan abin da na taɓa rubutawa. Shafukan kyauta kowa na yabo, yara na ta turo min saƙo cewa kamar a gidansu na zauna. Ranar da na ce an shiga na kuɗi, waɗanda suka biya ba su cika tafin hannu biyu ba. Kwana biyu kuma na ga shafukan suna yawo a wasu zaurukan, an cire sunana. Da babban yatsa nake tayifin fa, a waya, bayan na kwantar da yara, wani lokacin in kai ƙarfe biyu ina jiran a kawo wuta. Na ƙarasa shi don kunyar waɗanda suka biya, amma na gaba da na yi, gidan kishiyoyi na koma.

Saboda haka in kuna son irin waɗannan ukun su ɗore, ku saya. Kada ku jira na sata.

Yar_Gwale
Wayyo Anti Alkalami, wallahi jikina ya yi sanyi. Ni dai na riga na ware kuɗin guda biyu daga kuɗin kitson da nake yi wa yaran unguwa, na ukun kuma barka da sallah nake jira. Labarin JAMB ɗin nan yana nan? Ni ce ta biyun, wadda ta ce an riƙe sakamako.

Alkalami_Shiru
Yana nan ƙanwata, ki yi min magana ta gefe kada admin ya kore mu.

Dan_Baiwa_99
Ni fa na daina zumuɗin littafin da bai fito ba. Bara na biya wata tun kafin ta fara, ta yi shafi 23 ta ce wayarta ta faɗa ruwa. Muka yi mata jaje. Bayan wata biyu ta ce rasuwa aka yi musu. Muka yi ta'aziyya. Yau wata goma sha ɗaya, jarumin yana nan a sume a asibiti inda ta bar shi, ita kuma na ga tana tallan sabo. Sai an ce min an kammala nake biya yanzu.

Sadauki_Kurna
Allah ya ba jaruminku lafiya Dan_Baiwa, ya daɗe a kwance.

Alkalami_Shiru
Dan_Baiwa kana da gaskiya, irinsu ne suke ɓata mana suna. Da akwai manhajojin da ake ɗora cikakken littafi ka saya ka karanta a ciki, sun fi tsari. OkadaBooks da wasunmu suke amfani da ita ta rufe a ƙarshen 2023. Wattpad kuma yawanci na kyauta ake sa wa, don tara masu karatu. Shi ya sa har yanzu WhatsApp da Telegram ne kasuwar.

Yar_Maradi
Ina wuninku, an sha ruwa lahiya? Mu nan ma muna cikin jiran, na makarantar kwanan nan har ƙawayena sun san da shi. Mu a lakwal Faransanci ake koya muna, karatun Hausa da littattafan Kano na iya shi, wajen yayata da ke sayo su in ta je Jibiya. Matsalarmu biya. Sai marubuciya ta ce 'yan Nijar dala ɗari ko jikka guda, a tura kati ga wata lamba, wani lokacin ka tura a kwana biyu ba a sa ka zaure ba, mutane sun yi nisa kana baya. Don Allah marubuta ku riƙa tunawa da mu tun wurin talla.

Kuma ina da ƙorafi ɗaya. Kullum jaruma 'yar Kano ce ko Kaduna ko Abuja. In aka sako ɗan Nijar to mai gadi ne ko mai shayi. Ina son in ga ranar da za a yi labarin yarinya mai shirin jarrabawar BEPC a Maraɗi ko Damagaram.

Malam_Na_Tudun_Wada
Yar_Maradi, wannan labarin ke za ki rubuta shi, ba wanda ya san ƙofar lakwal ɗinku kamarki. Ki fara da gajere. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata ta fito da marubuta da yawa da ba a san su ba, kuma gajeren labari ake nema, ba mai shafi ɗari ba.

Tunda na sake magana, bari in yi nawa ƙorafin. Na leƙa shafin ɗanɗanon na Dala ɗin da jikana ya nuna min. Tunanin ya yi kyau, an yi bincike, an san Dala wurin masu narkar da tama ne tun fil azal. Amma rubutun! "Xan", "xuwa", "nah", "kah". Ba ƙugiya ko ɗaya, ba a bambanta kafa da ƙafa ba, bare baki da baƙi. "Yace" da "tace" duk a manne. Littafin da ake cewa na yara ne, a nan yaro zai ɗauki rubutunsa. Ni nake shan wahalar a takardar jarrabawa.

Sadauki_Kurna
Malam a yi mana afuwa, allon wayar ne ba ya da ƙugiya.

Malam_Na_Tudun_Wada
Yana da ita. Ka shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa, ka danne k ka riƙe, ƙ za ta fito. Ni da furfurata na iya.

Dan_Nima_Accra
Salamu alaikum. Mu a Zango ba kowa ya iya karanta Hausa ta boko ba, saurare muke yi a YouTube. Ina shago ina ɗinki ina ji. Na mai gyaran waya ɗin nan shi nake so, don ƙanena aikin da yake yi ke nan a kasuwar waya ta Circle a nan Accra. In ya fito a karanta mana shi da murya, amma da izinin mai shi.

Maman_Ilham
Na koma sama na sake karanta maganar Alkalami_Shiru, kuma ta taɓa ni. Ashe mu ne masu laifin da nake ɗora wa marubuta. Ni ma ina cikin masu cewa labari ya yi sanyi. Ilham shekararta 14, da wayata take karatu, kuma abin da ya sa na sa wa WhatsApp ɗina mabuɗi ke nan, don akwai zaurukan da ni kaina sai na waiga kafin in buɗe. Rannan na same ta ta ɗauki wani tsohon littafin takarda da ta tono a ƙasan akwatina, bangon ma ya cire, tana karantawa a kicin tuwo na ƙonewa. Na yi faɗa, amma daga baya na zauna ina tunani, to me na ba ta a madadinsa? Yarinya na son karatu, abin da ke gidan na manya ne.

Ga abin da zan yi. Zan biya na makarantar kwanan. Ni zan fara karanta kowane shafi, in ya wuce sai in miƙa mata. In kuwa na ga mota ta taho a guje za ta kaɗe yarinyar nan, Yar_Gwale ke zan nema.

Yar_Gwale
Na yarda Mama! In mota ta fito ni zan biya ki kuɗinki.

Abban_Sultan
Ni tambayata, me ya sa marubuta ba za su riƙa rubuta shekaru a jikin talla ba? A ce wannan na 'yan 13 zuwa 17 ne, wannan na ma'aurata ne. Wasu suna rubuta "na matan aure ne, budurwa kada ki karanta", wanda kowa ya san wannan kiran kasuwa ne, shi ke sa yaran su ruga. Amma ban taɓa ganin an rubuta "wannan uwa za ta iya ba 'yarta" ba.

Anti_Bebi
Abban Sultan yau ka yi magana. Sai dai kada a mayar da shi wa'azi. In yaro ya ji ƙanshin nasiha tun shafin farko ajiyewa zai yi. Abin da ya kama Yar_Gwale ai yajin da ya fashe ne da wasiƙar cikin filo, ba wai an ce mata ki zama ta gari ba. Kuma a bar soyayyar ta ɗan leƙo, irin ta shekarunsu, kallo daga nesa da faɗuwar gaba. In aka ce babu ita sam, an yi ƙarya, su ma sun sani.

Dan_Baiwa_99
Wasiƙar cikin filon nan ma ai ta saurayi ce, ku rubuta ku ajiye.

Yar_Gwale
Ba ta saurayi ba ce! Ni hasashena ta mahaifiyarta ce da ta rasu, don kakarta ce ta haɗa mata kaya, ba a ambaci uwa ba ko sau ɗaya.

Sadauki_Kurna
Ni kuma na ce amsar jarrabawa ce aka sayar mata. Mu sa caca, wanda ya faɗi ya saya wa sauran data.

Malam_Na_Tudun_Wada
Caca a watan azumi, Sadauki?

Sadauki_Kurna
Astagfirullah, na janye Malam. Alƙawari nake nufi.

Ummi_Karama
Salam, ni sabuwa ce, da wayar Yaya nake magana. Ajina uku. Don Allah na Farm Centre ɗin mace za ta iya karantawa? Kuma yaushe ne daidai za a fara, don Yaya zai koma makaranta sati ɗaya bayan sallah, zai tafi da wayar.

Yar_Gwale
Ummi kowa zai iya karantawa. An ce bayan sallah da kwana uku, kullum shafi ɗaya banda Juma'a. Ki roƙi Yaya ya tura zauren a wayar Mama kafin ya tafi, ki ce mata Maman_Ilham ma tana ciki.

Yar_Maradi
Bayan sallar wa? Don wani lokacin mukan riga ku ganin wata da kwana guda. In mun yi salla ran Lahadi ku kuka yi Litinin, ni ran Laraba zan tsaya bakin zaure da katina a hannu.

Dan_Baiwa_99
Ki taho da tabarma.